Tozon Mama Naomi

Shekaru na yi ina wanke tumbi da hanji a Abbatuwa, mayankar garinmu, babu namiji ko ɗaya da ya taɓa miƙo mini wuƙa ya ce in gwada. Abin nan ya ci mini rai, kuma ba zan ɓoye shi don wani ya ji daɗi ba. Mutum zai zo daga ƙauye bai san hanta da saifa ba, kafin damina ta zagayo an tsayar da shi a teburi yana yanka wa mutane nama, ni kuwa ina durƙushe a bakin kwata, hannuwana cikin ruwan sanyin Jos, ana kirana Sarauniyar Tumbi. Ranar da na tashi daga bakin kwatar nan har yau ba ta fita daga kaina ba. Ku da kuke aiki a ƙarƙashina yanzu kun dame ni in rubuta yadda aka yi. To ga shi, da hannuna na rubuta, ba wanda na saka.

Ga wanda bai san aikinmu ba, hawa-hawa ne. Oga shi ke sayo saniya. Akwai mai yanka, akwai masu fiɗa, akwai masu sara ƙashi da barandami, sannan masu teburi da ke sayarwa. Can ƙarshe mu ne, mata masu wankin kayan ciki. Ogana a lokacin Alhaji Sabo ne, mutumin unguwar Ali Kazaure. Ba mugu ba ne, bai taɓa hana ni haƙƙina ba, amma a kansa mace da baho aka haife ta.

Akwai kuma aiki ɗaya da ya fi duk waɗannan daraja, shi ne rabon watanda. Watanda shi ne mutane su haɗa hannu su sayi saniya guda, a yanka, a raba naman tsibi-tsibi daidai yawansu. Idan an gama, kowa ya ba da wata 'yar alama tasa, makulli ko ɗan kunne ko murfin kwalba, a ba wanda bai ga mai kowace alama ba ya ɗora su a kan tsibin. Inda taka ta faɗa, nan ne naka. Matan cocinmu na Anguwan Rukuba duk Kirsimeti suna yi, kuma a wurin Oga Sabo suke saye, don idan mutanensa suka yanka, maƙwabta Musulmi ma suna cin abin da aka aika musu. Mai raba musu kullum Baba Iro ne, tsohon mahaucin da ya koya wa Oga kansa aiki.

Ni ban shiga aji ba sai da autana ya shiga sakandare. Ajin manya ne, da yamma, muna zaune a bencin yara gwiwoyinmu na taɓa teburi. Wata rana malamarmu, Malama Hannatu, ta ce kowa ya faɗi abin da yake so ya zama. Da aka zo kaina na ce, "Ni dai wata rana zan riƙe wuƙa."

Ta ce, "Yaushe?"

Na ce, "Wata rana, Malama."

Ta ce, "Rifkatu, tun yaushe kike faɗin haka?"

Na ce tun ina goyon autan.

"To za ki faɗa har ki goyi jikoki. Ki sa wa abin rana. Ki san aikin da za ki yi a ranar. Sannan ki sami mutum ɗaya mai naci da zai riƙa tambayarki ina kika kai."

Na fita ajin ina jin haushinta, don ta faɗi gaskiya a gaban mutane.

Cikin watan Satumba sai ga Mama Naomi, shugabar matan cocinmu, ta zo Abbatuwa maganar saniyar Kirsimeti. Mace ce mai jiki, mai murya, idan ta yi magana a wannan layin ana ji a wancan. A shekarar ciwon yana ya rufe wa Baba Iro ido, ba ya ganin komai sai inuwa. Oga ya ce mata yaransa za su raba.

Ta ce, "Alhaji, waɗanne yara? Waɗanda suka raba mana na Ista? Har yau mata biyu ba sa gaisawa a coci saboda rabon nan. In babu Baba, zan kai kuɗinmu wani wuri, ba faɗa."

Ina jin su daga bakin kwata. Ban san lokacin da na miƙe ba, hanji a hannuna yana ɗiga. Na ce, "Ni zan raba."

Aka fashe da dariya. Wani daga masu teburi ya ce, "Sarauniya za ta sauko daga gadon mulki!" Wani ya ce, "A kawo mata reza ta fara da farce." Mama Naomi ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke Rifkatu, wannan ba waƙar kwayar coci ba ce o. Naman Kirsimeti ne."

Na ce, "Na sani, Mama. Ana jibi Kirsimeti zan raba muku saniya, ba wadda za ta koma gida da fushi."

Oga bai yi dariya ba. Ya ce, "Kin san abin da kike ɗaukar wa kanki? Matan nan tun mahaifina na da rai suke saye a wurinmu. In aka yi rigima suka bar ni, ke ma kin bar ni, bahon ma ba za ki ƙara gani a nan ba."

Na ce, "In ba a yi ba fa?"

Ya ce, "In ba a yi ba, ki tsaya a teburi."

Na ce, "Mama, kin ji. Ke ce shaida."

Ta ce ta ji. A hanyar gida ina tafe ina dariya ni kaɗai kamar wadda ta zautu. Abin da na yi shekaru ina cewa wata rana ya sami rana.

Abin da na fara yi shi ne na tsaya a ranar Kirsimeti a cikin kaina na dawo baya. In zan raba saniya a ƙarshen Disamba, dole a Nuwamba in iya raba akuya. In zan raba akuya a Nuwamba, dole a Oktoba in iya cire tsoka daga ƙashi. Kafin wannan kuwa dole in sami wuƙa tawa in iya wasa ta. Da na dawo baya haka sai na ga aikin gobe ɗan ƙarami ne: in je wurin maƙera. Na je na sayo wuƙa mai ƙota baƙa da dutsen washi.

Mutum mai naci kuwa ban wahala wajen nemansa ba. Baba Iro kullum yana zaune a kan benci bayan rumfar Oga, ba abin da yake yi sai sauraron rediyo. Na durƙusa na gaishe shi na faɗa masa. Ya ce, "'Yata, ido ba ni da shi, amma yatsuna na gani. Kawo wuƙar." Ya shafa bakinta da babban yatsa ya ce, "Wannan ko ayaba sai ta roƙe ta. Je ki wasa." Sati na yi ba abin da ya bari na yanka. Kullum da na iso, kafin in ajiye jaka, zai ce, "Rifkatu, yau me kika iya da jiya ba ki iya ba?" In na fara dogon bayani sai ya ƙara muryar rediyo.

Lokaci kuma ba ya faɗowa daga sama, sai an ƙwace shi daga wani abu. Na bar zuwa koyon waƙar kwaya, na bar kunun da nake sayarwa da yamma, na bar zuwa kowane biki da aka gayyace ni. Aji kaɗai ban bari ba. Mata suka ce girman kai ya kama ni. Maigidana ya ci tuwon da ya huce har ya saba da shi. Na kuma yi yarjejeniya da wani mai sayar da naman akuya: in wanke masa kayan ciki, shi kuma ya bar ni in cire masa ƙashi idan kasuwa ta lafa. Na yanke yatsa ba sau ɗaya ba. Ranar da na fara cire cinya guda, ƙashin ya fito fari tas, na kai wa Baba ya shafa, ya shafa, bai sami tsoka ko kaɗan a jiki ba. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin na riƙe shi har gida, na dafa shinkafa ranar ba Lahadi ba.

A Nuwamba na ce ba zan fara gwada hannuna a kan saniyar mutane ba. Na lallashi matan layinmu muka haɗa muka sayi babban taure, in raba musu a matsayin gwaji. Nan karatun da nake taƙama da shi ya kai ni ya baro. Na aro sikeli, don yanzu na iya karanta lambobinsa, na ce zan nuna wa mahauta abin da ba su taɓa yi ba. Kowane tsibi na auna shi, nauyi ɗaya cif. Hantar taure ƙarama ce, sai na ga ɓarna ce a yi ta yanka ta ƙanana. Na ba wasu tsibin hanta, wasu zuciya, wasu ƙoda, wanda bai samu ba na ƙara masa tsoka mai kyau har allurar sikeli ta daidaita.

Aka jefa alamu, kowa ta ɗauki nata. Ba a yi minti biyu ba wata ta ce, "Ina hantata?"

Na ce, "An ƙara miki tsoka, Maman Joy. Zo ki ga sikeli."

Ta ce, "Sikeli zan dafa? In mijina ya buɗe tukunya ya ce ina hanta, in ce masa ya tambayi sikeli, abi?"

Wata ta ce ita an ba ta ƙoda ba zuciya. Wata ta ce tun farko ta san wadda za ta sami hanta. Kafin a jima ana nuna juna da yatsa a kan taure ɗaya. Na tsaya da sikelina kamar an dasa ni.

Da na ba Baba Iro labari ya yi dariya har da tari. Ya ce, "'Yata, ba nauyi suke saye ba. Kowace mace dabbar guda take so ta kai gida, ƙarama. Da hantarta, da zuciyarta, da ƙafarta. Ko kamar ƙwayar gyaɗa ne, a sa mata. Ki ɗauki abu ɗaya ki zagaya da shi kowane tsibi. Kada ki taɓa na biyu sai na farko ya isa kowa."

Na gode wa Allah da ya sa taure ne ba saniya ba. Na mayar da sikeli ga mai shi. Hanta santsi gare ta, tana gudu a ƙarƙashin wuƙa, kuma ba wanda zai ba ni hanta in ɓata. Sai na riƙa sayen awara ina yanka ta ƙanana daidai da juna, yara na cinyewa. Har suka fara roƙona in koma kan akuya.

Ana saura 'yan kwanaki Baba ya kira ni ya rage murya. Ya ce, "Saura abu ɗaya ban gaya miki ba. Tozo." Tozo shi ne tudun nan na bayan saniya, kitse da tsoka a cakuɗe, babu inda ya fi shi daɗi. Ya ce, "Duk shekara nakan cire shi in sa a leda in ajiye wa shugaba a gefe. Ba ta taɓa roƙo ba, ban taɓa faɗa ba. Haka na tarar ana yi."

Ni kuwa na san wannan ledar, don ni ma ina cikin masu zubi. Duk matan sun san ta. Ba mai magana a gaban Mama Naomi, amma a hanyar gida ba abin da ake tattaunawa sai ita. Na ce, "Baba, ni me zan yi?"

Ya ce, "Wuƙar taki ce."

Ga inda abin ya tsaya mini. Mama Naomi ce za ta ce wa Oga an yi rigima ko ba a yi ba. In na ba ta tozo, aikina ya tsira, amma na yi wa mata alkawarin ba wadda za ta koma da fushi. In na hana ta, ita kaɗai ta isa ta kore ni daga Abbatuwa.

Ranar ta zo. Sanyi kamar zai tsaga kunne. Bijimi fari aka yanka, mai tozo kamar tulu. Masu fiɗa da masu sara suka yi nasu, aka loda naman a akori-kura zuwa gidan Mama Naomi, ni da Baba Iro muna gaba kusa da direba. Mata sun haura talatin, sun cika tsakar gida, kowa da bokitinta. Na shimfiɗa buhuna, na jera leda ɗaya ga kowace mace. Sai ga Oga Sabo a bakin ƙofa, wai wucewa yake yi. Daga Ali Kazaure zuwa ina ake wucewa ta tsakar gidan Mama Naomi, ban tambaye shi ba.

Na fara da cinya. Na zagaya. Na ɗauki kafaɗa, na zagaya. Haƙarƙari, wuya, ƙashin ɓargo, kowanne sai ya isa kowa kafin in taɓa wani. Kafin in gama cinya ta biyu na manta da mutane. Wuƙa na shiga inda na ce ta shiga. Ina jin mata na cewa, "Ku ga Rifkatu fa!" Da na zo kan hanta sai suka matso har inuwarsu ta rufe ni. Na yanka ta kamar awarar nan, ɗaya bayan ɗaya, ta isa kowa har leda ta ƙarshe. Maman Joy ta ce, "Yau dai mijina zai ga hanta!" Aka yi dariya. Zuciya, ƙoda, huhu, harshe, sannan tumbi da hanji, waɗanda ko ido rufe na san su.

Saura tozo shi kaɗai a kan buhu. Na ga Mama Naomi ta ɗan tura wata baƙar leda da ƙafa zuwa kusa da ni, idonta na kallon wani wuri. Na ɗago tozon da hannu biyu na ajiye a gabana, na sa masa wuƙa a tsakiya.

Mama Naomi ta ce, "Rifkatu."

Na ce, "Na'am, Mama."

"Baba bai gaya miki yadda ake yi ba?"

Na ce, "Ya gaya mini, Mama. Amma zubinki da na Maman Joy ɗaya ne, kuma bijimin da tozonsa muka saye shi."

Ban ɗaga kai ba. Na ci gaba da yanka. Na zagaya da shi kowane tsibi. Da na ɗora yanki na ƙarshe na goge wuƙata a zane na ce, "Na gama. A kawo alamu."

Aka tara su a kwano, aka ba Baba Iro, tun da ba wanda zai ce ya ga ta wani. Na riƙe masa hannu yana ɗorawa. Ta Mama Naomi makullin coci ne. Ta je ta tsaya a kan tsibinta, ta sunkuya, ta tona, ta tona, ta ɗago ɗan yankin tozo tsakanin yatsu biyu ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

Ta ce, "Wannan ne tozon nawa? Ko haƙorina ɗaya ba zai san an yi Kirsimeti ba."

Sai ta fashe da dariya, irin tata mai girgiza jiki, ta ce, "Shekara nawa ina cin tozo ina cin zagi a bayansa! Kuna tsammani ba na ji? Bana dai ku nemi wani abin gulmar." Ai sai gidan ya ɗauka. Guɗa, tafi, wata ta buga bokiti, aka ja waƙa. Maman Joy ta ɗaga hannuna sama da wuƙar a ciki. Ni da ban taɓa kuka a gaban mahauta ba, ranar na yi, ina yi ina dariya. Baba Iro na ta tambaya, "Me ya faru? An yi faɗa ne?" Na ce, "Baba, rawa ake yi!"

Mama Naomi ta juya wurin Oga ta ce, "Alhaji, na Ista ma ita za ta raba. In ba ita ba, kar ka sayo saniyar."

Oga ya gyara hula ya ce madalla. Na bi shi har ƙofa na ce, "Oga, maganar teburi fa?"

Ya ce, "Rifkatu, kin ga gobe jajibiri, aiki ya yi yawa. Bari a gama hidima, wata rana mu zauna."

Wannan kalmar na san ta, ni na yi shekaru ina faɗin ta.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, ku riƙe. Mutanenmu ba mugaye ba ne, amma ba wanda zai tashe ki daga inda ya saba ganinki. Ki sa wa abinki rana, ki faɗe ta a gaban wanda ba zai bari ki manta ba, ki dawo baya har ki sami aikin gobe. Ki yi kuskurenki a kan taure. Kuma idan kin cika naki alkawari, kada ki zauna jiran a kira ki.

Washegari na riga kowa isa Abbatuwa. Na ɗauki bahona na wanke shi tas, na kai wa Ladi da ke wanki kusa da ni, na ce mata ta riƙe, ba aro ba ne. Na ɗaura zane na aiki, na je na tsaya a ƙarshen teburin Oga, na fito da dutsena na fara wasa wuƙa. Da ya iso ya tarar da mata uku a gabana da bokitai, ina yanka wa ta farko cinya.